Wasan da Ba Shi da Waƙa: Bukkokin Yara a Bakin Tafkin Madarunfa

Duk malamin da ya taɓa shirya bikin al'adu a makarantarsa ya san jerin da ake bi. Ƴan mata su fito su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa, a sa wani yaro mai baki ya kawo tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, in azumi ya kusa a ƙara da tashe. Manyan baƙi su tafa, a raba kyaututtuka, a watse da zaton an nuna wa duniya ƙuruciyar Bahaushe gaba ɗayanta. Na halarci irin wannan taro ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a Maraɗi da kewayenta, kuma kullum nakan koma gida da tambaya guda: ina bukkar? Ina nufin ɗan ɗakin nan na kara da kaba wanda yara ke ginawa da hannunsu a bayan gari, su ɓoye shi ga iyayensu, su kwashe rabin rani a cikinsa. A cikin wasannin da muka yi muna yara a Madarunfa babu wanda ya ci mana lokaci da tunani kamar wannan. Amma shi ne ba a kawowa dandalin biki, kuma da wuya mai karatu ya ci karo da shi a littattafanmu. Dalilin wannan shiru nake so mu duba tare.

Ga wanda bai san wurin ba, Madarunfa tana kilomita 20 da ƴan kai kudu da Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya, a cikin kwarin Gulbin Maraɗi. An fi saninta da tafkinta da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi. A shekarar 2006 Nijar ta sa tafkin da gandun dajin da kaburburan a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su cikin kayan tarihin duniya, a 2019 kuma tafkin ya shiga jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Wannan shi ne Madarunfar takardu. Yaron garin yana da tasa taswirar dabam, wadda ba a buga ta ko'ina ba: ya san inda ruwa ke janyewa ya bar laka mai kyaun gini, ya san gindin kanyar da ke fara nuna, ya san gonar da mai ita ba ya duka da wadda ko inuwarta ba a rabawa. Ya kuma san wuraren da ba a wasa, domin ba mu taɓa kafa dirka kusa da kabarin waliyyi ba. Babu wanda ya tara mu ya hana mu. Labarin hasken da mutanen gari ke cewa ana gani a kan kaburburan da dare ya ishe mu tsawatarwa.

Lokacin ginin shi ne ƙarshen kaka. An kai damman gero rumbu, aikin gona ya saki yara, kara kuma na kwance ko'ina cikin gonaki. Abu na farko shi ne zaɓen wuri, kuma a nan ake yin gardama mafi tsawo. Ana son gindin sabara mai duhu, ko kalgon da rassansa suka sauko ƙasa, inda mai wucewa a kan hanya ba zai hango komai ba amma na ciki yana ganin kowa. Sai a sari dirkoki huɗu masu gwafa, a haƙa musu rami da guntun hauya da wani ya sato daga gida, a ɗora sanduna a kai. Igiya ba a saye: ɓawon kalgo ake ɓarewa a tsattsaga, ko a murza kaba. Daga nan a jera kara a tsaye, a yi masa tanka ciki da waje don kada iska ta watsa shi, a rufe sama da ganyen goriba. Ƙofar ƴar ƙarama ce, sai da rarrafe ake shiga, kuma ba ta kallon gabas. Da an tambaye mu dalili da mun ce haka ake yi. Sai daga baya na gane cewa muna bin abin da maginan garin ke bi ne, domin daga gabas ruwan damina ke bugowa, iskar hunturu ma daga wannan ɓangare take zuwa. A ƙarshe a ɗebo farin yashin gulbi a shimfiɗa, a binne gwangwani a lungu. A cikin gwangwanin nan dukiyar ƙasa take: ashana, ƙullin gishiri da yaji, ƙugiya biyu ko uku, da danƙon harbi.

Na ce dukiyar ƙasa, kuma ba da wasa na faɗa ba. Bukka ba ta kwana uku ba tare da an naɗa sarauta ba. Akwai sarki, akwai Galadima da Ƙaura, wato sunayen da muke ji a fadar Katsinar Maraɗi, akwai alƙali, akwai ƙaramin cikinmu wanda aikinsa gadi ne a kan reshe. Wanda ya zo hannu sake alhali kowa ya kawo wani abu, a ci shi tarar goruba biyar. Wanda ya nuna wa wani babba hanyar wurin, a kore shi mako guda, kuma ban san hukuncin da ya kai wannan zafi ga yaro ɗan shekara 9 ba. Abincinmu kalar gyaɗa ce, da fara, da ɗan kifin da muka kama ko masunta suka jefo mana. Wata shekara mun hura wuta a cikin ɗakin don jin sanyi, kafin mu ankara jinkar ta kama, muka fito da rarrafe ɗaya bayan ɗaya, gira a babbake. Tun daga ranar aka kafa doka cewa murhu yana waje, ta inda iska ke tafiya, da taku goma tsakaninsa da kara. Wata shekarar kuma maƙiyin da ya ci mu da yaƙi ba yaran wata unguwa ba ne. Shanun Fulani ne da aka sako cikin gonaki bayan girbi. Muka iso da hantsi muka tarar da wata farar saniya tana tauna bangon fadarmu cikin natsuwa, sarki na kuka, Ƙaura ya ruga.

To, me ya sa abu mai wannan girma ya kuɓuce wa masu tattara al'adunmu? Amsata ita ce: ragar da suka jefa an saƙa ta ne don kama kalma. Mai tattara wasannin yara yakan zo da alƙalami ko na'urar ɗaukar murya, ya zauna a dandali da farin wata, ya rubuta abin da ya ji. Wasan da ke da waƙa da amshi ya shiga littafi cikin sauƙi, domin ana iya jera shi layi-layi, a fassara shi, a fitar masa da jigo da salo a cikin aji. Aikin da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya yi a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, a farkon shekarun 1970, babban aiki ne da muke cin moriyarsa har yau, haka ma muryoyin da cibiyar CELHTO ta Yamai ta adana. Ba zargin waɗannan magabata nake yi ba. Sun ceto abin da kayan aikinsu ke iya cetowa. Amma bukka ba ta da waƙa. Ba ta da amshi, ba a yin ta gaban jama'a, kuma sharaɗinta na farko shi ne kada babba ya sani. Mai bincike kuwa babba ne. Ko da ya tambayi yara wane wasa suke yi, za su lissafa masa langa da ɓuya, su yi shiru a kan abin da suka rantse ba za su faɗa ba. Laifinmu, mu na baya, shi ne mun ɗauki abin da ragar ta kamo a matsayin dukan kifin tafkin.

Idan muka koma ga rubutaccen adabi, sai mu ga wani abu da ya fi wannan zurfi. A cikin manyan littattafan Hausa na farko, wajen gari wurin halaka ne ga yaro. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, yaron da idon uwa ya ɗauke daga kansa sace shi ake yi, daga nan kuma sai bauta da ƙetare hamada. Wannan ba ƙirƙira ba ce kawai, tarihin ƙarni na 19 ne, kuma mutanen kwarin Maraɗi sun san shi sarai. A littafi na farko na Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, da aka buga a 1937, duk labaran da aku ke zubawa yana zuba su ne don ya tsare ɗan sarki Musa a cikin gida, kada ya fita. A lura da wannan da kyau: a ginshiƙin shahararren littafin zubenmu, labari igiya ce da ake ɗaure yaro da ita a fada. Tatsuniya ma haka take. Tsohuwa ce ke yin ta da dare a tsakar gida, dajin da ke cikinta kuma na Dodo ne da kura, yarinyar da ta ƙi jin magana ta shige shi sai ta gamu da gamonta. Adabin da manya suka tsara wa yara yana da saƙo ɗaya game da daji, wato kada ka je. Su kuwa yaran sukan saurara da dare, gari ya waye su tafi.

Baba ta Karo ce ta fi kusantar abin da nake nema. Tsohuwar nan ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa, ƙasar Zazzau, tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito da Turanci a 1954. Ta yi maganar ƙungiyoyin wasa na yara da sarautunsu da yadda suke kwaikwayon zaman manya, kuma ta yi ta ne da muryar wadda ta kasance a ciki. Abin lura shi ne wannan murya ta mace ce wadda ba ta yi boko ba, kuma duniya ta fara jin ta ne cikin harshen da ba nata ba. A ɓangaren masu rubutu da Faransanci, duk wanda ya yi lekol a ƙasar nan ya san L'Enfant noir na Camara Laye, na 1953. Akwai wurin da yaron ke hawa rumfar tsaron gona tare da abokansa a ƙauyen kakarsa, Tindikan, suna korar tsuntsaye. Wuri ne mai daɗin karatu, sai dai rumfar manya suka kafa ta, aiki kuma suka aiki yaran. Amadou Hampâté Bâ, a cikin Amkoullel l'enfant peul na 1991, ya ba mu ƙungiyar sa'o'insa ta Bandiagara da shugabanta da alƙalinta, dalla-dalla. A nan an sami mulkin yara, amma mulki ne da gari ya sani ya kuma sa wa albarka. Ɗakin sirri, wanda yaro ya zaɓi wurinsa, ya gina, ya ɓoye, har yanzu yana jiran marubucinsa a wajenmu.

Kada a ce abin ya yi ƙanƙanta da zama adabi. A Faransa, Louis Pergaud, wanda shi ma malamin makarantar ƙauye ne, ya rubuta La Guerre des boutons a 1912, kuma tsakiyar littafin bukka ce da yaran wani ƙauye suka gina a daji don ɓoye dukiyarsu ta maɓallai. Da ɗaya daga cikinsu ya tona asiri, abokan gaba suka wargaza ta, mai karatu yana jin zafin abin kamar an ci birni. Na karanta wannan babi ina babba, na yi dariya, domin na san kowane ɗaya daga cikin yaran nan da sunansa na Hausa. Wani Ba'amurke masanin tarbiyya, David Sobel, ya bi diddigin wannan ɗabi'a a Ingila da wani tsibiri na Karibiyan, ya fitar da littafi a 1993, inda ya nuna cewa tsakanin shekara 6 da 12 yara kan nemi wurin da zai zama nasu su kaɗai, nesa da idon iyaye amma ba nesa ƙwarai ba. Ashe abin da muka ɗauka sirrin unguwarmu ne, sirrin ƴan Adam ne. Bambancin shi ne wasu sun rubuta nasu.

Kuma namu yana da abin da zai faɗa wanda na Pergaud ba zai faɗa ba. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya wallafa nazari a 1966 a kan yadda Bahaushe ke tsara sarari: gabas da yamma, kudu da arewa, da tsakiya, ko a kafa gari, ko a shata gona, ko a gina gida. Ya samo wannan ilimi daga bakin dattawa da masu tsafin gargajiya. Da ya bi sawun jikokinsu zuwa gindin sabara, da ya ga ilimin nan yana wucewa daga tsara zuwa tsara ba tare da an furta kalma ɗaya ba. Yaron da ya iya tanka zai iya danga, wanda ya iya danga zai iya jinka da rumbu. Babu ajin da ake koyar da wannan. Akwai kuma maganar harshe, wadda ta shafi masu karanta wannan mujalla kai tsaye. Mu da muka fara karatu da Mamadou et Bineta, muka kuma san alamar nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a farfajiyar lekol, muna da wurare uku na magana. A lekol Faransanci ne da tsoro. A gida da makarantar allo Hausa ce ta ladabi, ido a ƙasa. A bukka kaɗai yaro ke yin Hausar mai iko: ya yanke hukunci, ya yi kirari, ya ƙaga ƙarya mai tsawo a saurare shi har ƙarshe. Tatsuniyar farko da na taɓa ƙirƙira da kaina a can na yi ta, da rana tsaka, abin da ake hana mu a gida.

Dole in amsa wani gibi a cikin abin da na zayyana, domin bukkar da na sani ta maza ce. Ƴan uwanmu mata ba su da rani irin namu. Akwai talla, akwai ɗiban ruwa, akwai ƙane goye a baya. Nasu ɗakin sukan yi shi kusa, a ƙarƙashin rumbu ko a lungun danga, su kewaye da tsohuwar tabarma, su jera fasassun kwanoni da sakaina, su yi tuwon ƙasa da auren ƴar tsana. Manya sukan kalli wannan su yi murmushi, su ce tana koyon zaman aure. Wataƙila haka ne. Amma duk wanda ya karanta Marriage in Maradi na Barbara Cooper, na 1997, ya ga irin muhimmancin da ɗaki da kayan ɗaki ke da shi ga macen Maraɗi, zai yi tunanin cewa abin da yarinyar ke koyo ya wuce dafa tuwo. Tana gwada yadda ake mallakar wuri ne a cikin gidan da ba da sunanta yake ba. Wannan babi ba ni zan rubuta shi ba. Malamai mata da ke cikin ƙungiyoyinmu su ke da shi, kuma ina roƙon su da su rubuta.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne ƙasar da ke ɗauke da wannan wasa tana sauyawa a ƙarƙashin ƙafar yaran. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ƴan kai. A ta 2012 sun haura miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai tana da kusan miliyan 3 da rabi. Saura ta ƙare, gona ta haɗe da gona. Karan da muke kwasa kyauta yanzu kuɗi ne: abincin dabba ne, makamashi ne, kayan gini ne, ana ɗaure shi a kai gida ko kasuwa tun kafin ya gama bushewa. Yaron da ya ɗebi dami biyu don wasa ɓarawo ne a idon mai gona, kuma mai gonar yana da gaskiyarsa. Gulbin ma ba ya kawo ruwa kamar da, tun da aka gina madatsar Jibiya a wajajen 1990. Itatuwa kam sun dawo, wannan abin godiya ne. Dabarar nan ta sassaben zamani, wadda Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka yaɗa tun daga 1983, ta mayar da gawo da kalgo da sabara cikin gonaki masu yawan gaske. Sai dai dabarar ta yi nasara ne saboda kowane tsiro ya sami mai shi. Sabarar da a da ta kowa ce, yau an gyara ta, an bar mata reshe biyu ko uku tsaye, ba ta da duhun ɓuya, kuma akwai idon da ke kanta.

Sai kuma abin da ya fi duka nauyi a baki. Daga wajajen 2018 ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi kudancin jihar, ƙauyukan Gabi da Ɗan Isa da Safo da Sarkin Yamma da Madarunfa kanta, dajin Baban Rafi kuma, wanda a da ake labarin giwayensa, ya koma bakin mutane a matsayin mafakarsu. A 2019 dubban iyalai suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suna neman tsira. Kalmar maɓoya, wadda a bakinmu muna yara take nufin gindin kalgo da gwangwanin ashana, yau in an faɗe ta a rediyo kowa ya san abin da ake nufi. Uwar da ta hana ɗanta wuce bayan gari ba za a ce ta cika tsoro ba. Dajin Shaihu Umar ya dawo, kuma na yarda cewa tsofaffin da ke yi mana tatsuniyar Dodo sun san abin da mu, ƴan zamanin lafiya, ba mu sani ba. Wataƙila ƙuruciyar da nake ba da labari wani ɗan tsakani ne kawai na shekaru sittin ko saba'in, tsakanin wani tsoro da wani. In haka ne, dalilin rubuta ta ya ƙaru.

Akwai wata bukkar da ba zan iya tsallakewa ba, ko da yake alƙalami ba ya son zuwa wajenta. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan kara da zana a wata makarantar firamare cikin birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, yawancinsu ƴan shekara 5 zuwa 6. Watanni bakwai kafin nan, a Afrilu, irin wannan gobara ta ci yara kimanin 20 a Yamai. Bayan ta Maraɗi gwamnatin lokacin ta hana sa ƙananan yara na ajin share fage a cikin irin waɗannan azuzuwa. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. Kayan ginin ɗaya ne da namu: dirka, kara, zana. Amma mu mu shida ne ko bakwai a ciki, mu muka gina, mun san inda bango ke da rauni, mu muka sa wa kanmu dokar murhu. Su kuwa an tara su ne da yawa a cikin ɗakin da ba su gina ba, aka ce su zauna su yi shiru. Saboda haka duk wanda zai yi rubutu a kan bukkar yara a ƙasar Maraɗi ya yi hattara da zaƙin baki. Ba a yabon kara a gaban uwar da kara ya cinye wa ɗa. Abin da ya cancanci yabo shi ne ikon da yaro ke da shi a kan wurin da ya yi da hannunsa.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake tsoro daga ƙungiyoyinmu na al'adu. Na san halinmu. Wani zai karanta wannan maƙala ya ce, to, a bikin baɗi a gina bukkar yara a filin taro, a sa mata allo, a zaunar da yara huɗu a ciki da sababbin riguna, prefe ya zo ya leƙa. Ina roƙo kada a yi. Bukkar da babba ya ba da umarnin ginawa rumfa ce kawai. Gaɗa tana iya hawa dandamali ta sauko da ranta, wannan wasa kuwa da an haska masa fitila ya mutu. Hanya ɗaya da na sani ta kama shi ba tare da an kashe shi ba ita ce ta tuni, wato wanda ya girma ya fita daga rantsuwar ya zauna ya rubuta.

A nan malamai ke da aiki. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, a watan Maris na 2025 kuma kundin da hukumomin ƙasa suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsayi ya samu. Amma me yaron Madarunfa zai buɗe ya karanta da wannan harshe ya ga kansa a ciki? Yawancin abin da muke ba shi nasiha ce a kan wanke hannu da biyayya, ko labarin da aka juyo daga wani harshe aka sauya wa mutanensa suna. Da malami zai aiki ɗalibansa su tambayi kakanninsu, maza da mata, inda suka gina nasu ɗakin, da me suka ɗaure shi, wa ya rushe shi, su rubuto da Hausar garinsu ba tare da an goge musu kalmomin da ba na Kano ba, da cikin shekara guda an tara littafin da babu irinsa. Za a sami sunayen itatuwa da ciyayi da ke ɓacewa daga bakin yara, da sunayen fadamu da tuddai da ba su cikin taswira. Sharaɗi ɗaya ne: kada malamin ya tambayi ɗalibin ina tasa take.

A ranin da ya wuce na bi ta bakin tafkin da la'asar, ta gefen da ruwa ya janye aka shuka lambu. Bayan wata danga, ba nisa da gidajen ƙarshe, na hango wani abu mai kama da tarin shara: buhunan siminti da aka farke, guntun gidan sauro, kwali, da kara ƙwaya kaɗan da aka yi wa tanka da tsohuwar wayar lantarki. Ƙofar tana kallon yamma. A kan reshen dogon yaro wani ɗan ƙaramin yaro na zaune yana lilo da ƙafa, da ya gan ni sai ya yi fito sau biyu, surutun da ke fitowa daga cikin buhunan ya ɗauke ɗif. Na gyara hulata, na mai da ido wajen tafkin kamar mai ƙirga kwalekwale, na wuce.